Yadda ake farfaɗo da filin da aka haƙi kuza ko zinare da ciyayin da ke fara tsirowa da kansu

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi, ko ya shiga wajajen Rayfil, Bisichi da Sabon Gida, ya san irin filayen da nake magana a kai. Tulin jar ƙasa ga ta nan kamar tsauni, kududdufai masu zurfin gaske waɗanda mutanen Jos ke ce wa dam, sai fako ƙeƙasasshe wanda ko fartanya ka sara sai ta dawo maka. Tun wajajen 1904 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a Filato, abin ya yi ƙamari lokacin yaƙin duniya na biyu da aka riƙa kwaso mutane daga larduna ana kawo su aikin tilas, wanda kakanninmu ke ce wa diban gwamna. Kasuwar kuza ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni irin su ATMN suka watse, aka bar wa jama'a fili sama da murabba'in kilomita 300 a lalace. Yanzu kuma ga 'yan loto, masu haƙar kuza da hannu, suna ƙara buɗe sababbin ramuka, ga masu zinare a Zamfara, Neja, Kebbi da Birnin Gwari.

Abin da nake so in nuna shi ne wannan ƙasar tana tashi, amma fa akwai tsari, kuma waɗanda ke fara aikin su ne ciyayin nan da muke rainawa, gamba, kyasuwa, kiri-kiri, tafasa, tumfafiya. Yawancin mutane da bishiya ko buhun takin zamani suke farawa, kuma shi ya sa kuɗinsu ke tafiya a banza.

Da farko ka fahimci me ya samu ƙasar

Mai haƙa yana kifar da ƙasa ne. Baƙar ƙasar sama mai rai, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ita ce ke fara tafiya can ƙasan tuli, sannan a jibga mata ta can ciki wadda ba ta taɓa ganin saiwa ba. Ita wannan ta cikin ba ruɓaɓɓen ganye a jikinta, ba naitirojin, ba tana, ba ƙwayoyin halittar da ke narka abinci su ba tsiro. Wani wurin yumɓu ne da manyan injina suka danne har ya zama kamar daɓe, ruwa in ya sauka sai dai ya gudu ya yanka kwazazzabo, wani wurin kuma zallar yashi ne da tsakuwa da aka wanke aka cire kuzar, shi kuma ko awa ɗaya ba ya riƙe ruwa. A Filato ga tsami kuma, don ruwan sama yana da yawa, kusan milimita 1,400 a shekara, yana wanke ɗan gishirin da ya rage.

To ciyawar farko aikinta kenan. Tana jure yunwa da rana, saiwarta na fasa fako, ganyenta na tare ƙarfin ɗigon ruwa, tana kama ƙura da irin da iska ta kwaso, in rani ya yi ta mutu ta ruɓe ta zama abincin wadda za ta biyo bayanta. Ko ba ka yi komai ba za ta zo, sai dai zai ɗauki shekaru masu yawan gaske. Kai aikinka ka gajarta mata hanya.

Mataki na 1: ka tabbatar ba guba a wurin

Dan Allah kar wanda ya tsallake wannan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙauyuka irin su Bagega, Dareta, Abare da Yargalma, saboda dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gida yana ɗauke da dalma. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Da aka zo gyaran ƙauyukan Zamfara, kankare ƙasar sama aka yi aka kai rami aka binne, aka kawo sabuwa mai tsabta aka shimfiɗa. Ba wanda ya ce a shuka ciyawa ta shanye, domin dalma ba ta ruɓewa, ba ta narkewa ta ɓace, shekara ɗari tana nan. Ina ganin wasu na yaɗawa wai akwai tsiron da ke tsotse gubar ƙasa tas, gaskiya abin da tsiro ke ja kaɗan ne ƙwarai, babban amfaninsa shi ne ya rufe ƙasar ya hana ƙura tashi ya hana ruwa kwasarta zuwa rafi da rijiya.

Saboda haka in wurin an taɓa niƙa dutse ko wanke zinare, ko an yi aiki da makuri, sinadarin da ake kama zinare da shi, ka ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na filin, kowanne a ledarsa da alama, ka kai gwaji. Sashen nazarin ƙasa na cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru a Zariya, Jami'ar Jos, ko kwalejin tarayya ta albarkatun ƙasa da ke Kuru, duk wuraren da za ka fara tambaya ne. Ka faɗa musu ƙarara kana son a duba dalma da sauran ƙarafa masu guba, sannan tsami. In an samu dalma da yawa, wannan filin rufe shi kawai za a yi da ciyawa da ƙaya, ba alayyafo, ba karas, ba kiwo, ko tafasar da ta fito a wurin kar a tsinka a yi kwaɗo, kuma a hana yara wasa a ciki, sannan a sanar da hukumar lafiya.

A wajen kuza matsalar dalma ba ta kai haka ba, amma baƙin yashin nan mai nauyi da ake tarawa inda ake tace kuza da kwalambait yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshan. Irin wannan tulin a binne shi a ƙasan rami, kar a baza shi a gona, kar kuma a kwasa a yi bulo ko filasta da shi.

Mataki na 2: maganar mai fili da masu dabbobi

Kafin ka sara ko ina, a san na waye. Filaye da yawa a Filato na iyalai ne tun kafin zuwan kamfani, kuma dasa bishiya a wurinmu alama ce ta mallaka, to in haya ko aro ka karɓa a rubuta shekara nawa, da wa zai ci itacen, a gaban mai unguwa ko dagaci. Ka zauna da ardo ko masu kiwon da ke bi ta wurin, ku yi yarjejeniya, shekara biyu na farko dabba ba ta shiga, bayan nan za a riƙa yanka musu ciyawa. In kuma burtali ne ko hanyar mashaya ta ratsa filin ka bar ta a buɗe. Wanda ya yi wannan zaman ya huta da rabin wahala.

Mataki na 3: gyaran fili da tare ruwa

A rani ake wannan, daga Janairu zuwa Maris. Fara da ramukan loto, a cike su da duwatsu da ƙasa a sa alama, don sabon ciko yana zama bayan ruwan farko sai an ƙara. Bakin dam mai gangare tsaye a kwantar da shi, yara da shanu da yawa sun halaka a irin waɗannan wurare. Tulin ƙasa ba dole sai ka kawo katafila ta baje shi ba, ita ma nauyinta ƙara danne ƙasa yake, in da hali da shebur da diga a rage masa tsayi a yanka masa matakala.

In kana haƙa ka ci karo da baƙar ƙasar asali da aka binne, ka ware ta gefe, dukiya ce, ita za ka barbaɗa a sama daga ƙarshe, akwai tsohon iri da ƙwayoyin rai a cikinta.

Sai tare ruwa. Ka jera duwatsu a layi suna gicciye gangare, a kwance daidai ba hawa ba sauka, tazarar taku 10 zuwa 20 gwargwadon tsayin gangaren. Tiyo fari mai ruwa a ciki da sanduna biyu ya isa ya nuna maka daidaiton. Inda fako ne ka fasa shi da diga kamar zurfin taƙi ɗaya, kar ka lallashe shi sumul, bar shi da gaɓa-gaɓa da ramuka, nan iri da ruwa ke maƙalewa. A Zamfara, Katsina da Kebbi inda ruwa bai kai na Jos ba, dabarar 'yan'uwanmu na Nijar ta fi dacewa, ramukan tassa da masu siffar rabin wata da manoman jihar Tawa suka farfaɗo da dubban gonaki da su. Tassa ita ce rami faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, ƙasar da ka fitar ka tara ta gefen gangare, ka zuba taki cikin tafi biyu. A yumɓun Filato kam ka yi hankali da rami, a Yuli da Agusta zai cika ya kwanta ya ruɓar da saiwa, gara kunya da layin dutse.

Mataki na 4: ɗan abincin farawa

Ba sai ka zuba taki fili duka ba, ba wanda zai iya. Tsibi-tsibi za ka yi, a cikin ramuka da bayan layin duwatsu. Takin turke, kashin kaji da ya huce, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, tokar murhu. Toka na rage tsami, shi ya sa masu lambun bakin dam a Jos suka daɗe suna sayen tokar shara daga cikin gari, kuma da ita suka mai da wuraren da aka ce sun mutu suka zama gonakin kabeji, latas da tumatir. Amma ta bola sai an tsince, batir, gilas, leda da tarkacen waya duk a fitar, kar kana gudun wata guba ka kawo wata.

Sannan ka je gindin kalgo ko wata tsohuwar saura mai lafiya ka ɗebo ƙasar sama, ko tafi ɗaya a kowane rami. A cikinta akwai wasu fararen zaruruwa irin na funfuna da ke manne wa saiwa suna jawo mata ruwa da fosfaras daga nesa, da ƙwayoyin da ke sa wake ƙulle-ƙulle. Ƙasar rami ba ta da su sai an kai mata.

Daga nan ka rufe da kara, yayi, ko tsohuwar zana. Gara za ta zo ci, ka bar ta, ramukan da take hudawa su ne ƙofar ruwa a cikin fako.

Takin zamani a wannan matakin asara ce, ba abin da zai riƙe shi, ruwa biyu ya wanke.

Mataki na 5: ciyayin farko, nan ne zuciyar aikin

Irin ciyawa ba a kasuwa za ka saya ba, da kaka za ka tara, Oktoba zuwa Nuwamba, ka zage kan kyasuwa da gamba ka zuba a buhu a inuwa. Kuma ka fi neman waɗanda ka ga sun fito da kansu a kan tsofaffin tulin haƙa na kusa da kai, waɗannan sun riga sun ci jarrabawar wurin.

Kyasuwa ita ce mai sauri. Shekara ɗaya take yi, amma cikin 'yan makonni ta rufe ƙasa, ta zubar da iri mai yawa, baɗi gyauronta ya ninka. Ka cakuɗa irin da yashi mai laima da ɗan taki don kar iska ta kwashe, ka watsa bayan ruwa ya zauna, wato Mayu a Jos, Yuni ko farkon Yuli a can arewa, ka ja reshen ƙaya a kai ya ɗan rufe. Kar ka binne da zurfi.

Gamba ita ce ginshiƙi, don tana shekara da shekaru, tana jure ƙasa mai tsami da yunwa, saiwarta na nutsawa, kuma ga zana ga abincin shanu. Irinta ba ya tsirowa sosai, ya fi sauƙi ka haƙo gindi ka tsattsage shi, kowane tsagi da saiwarsa, ka datse ganyen ka bar kamar taƙi ɗaya, ka dasa tazarar rabin mita a bayan layin duwatsu ranar da aka yi ruwa.

Jema kuma ta bakin kwazazzabo ce da gefen dam. A dasa ta kusa-kusa, santimita 10 zuwa 15, layi guda ba giɓi, cikin damina biyu ta haɗe ta zama katanga mai tace ruwa, laka ta taru a bayanta. Saiwarta tsaye take sauka har mita 2 ko fiye, kuma tana jure ƙasa mai ƙarafa, yawancin abin da ta ja a saiwa yake tsayawa, shi ya sa ko a filin da ke da guba ita ake fara sa wa. Kiri-kiri a sa ta inda ƙafa ke yawan bi da kan gangaren tuli, tana rarrafe tana ɗinke ƙasa, amma inda kake niyyar noma nan gaba kar ka kai ta, fitar da ita aiki ne. Tofa ma haka, in ta zo da kanta a kan gangare a bar ta, a tsakiyar fili kuwa a hana ta yaɗuwa.

Tafasa, rai-ɗore da tumfafiya da kansu za su zo. Kar ka nome su. Tumfafiya na fitowa a inda ba abin da ke fitowa, saiwarta na fasa ƙasa mai tauri, akuya ba ta cika damunta ba, kuma a inuwarta za ka ga ƙananan ciyayi sun fara taruwa. Tafasa ka sare ta tana fure kafin ta yi 'ya'ya ka kwantar a wurin. Abu ɗaya da mutane ke ruɗewa a kai: tafasa, rai-ɗore da kalgo duk suna da kwanso irin na wake, amma ba sa ƙulla naitirojin. Ganye da inuwa suke bayarwa.

Masu ƙulla naitirojin sai a damina ta biyu, ko a ƙarshen ta farko in wurin ya nuna alamar karɓa. Wake mai yaɗo, lablab, waken turawa mai tsayi, da sitailo da aka daɗe ana shuka wa dabbobi a wajajen Kaduna. Ka shuka su tsakanin layukan gamba. Bayan wata ɗaya da rabi ka tuge guda ɗaya ka duba saiwar, in ka ga ƙulle-ƙulle ka fasa da farce, in cikin ja-ja ne to suna aiki, in fari ne ko babu su sam to ƙasar na da tsami da yawa ko ba ƙwayoyin, ka ƙara toka da ƙasar tsohuwar gonar wake. A shekarun nan kar ka kwashe harawa, in ka tsinki waken ka bar ganye da jijiya a wurin, in ka kwashe to ka fitar da abin da ka tara. Majimfa ma tana gyara ƙasa sosai, sai dai gubar kifi ce, kar a sa ta kusa da dam.

Mataki na 6: wuta da baki

Abu biyu ke rusa aikin nan, gobara da kiwo. Da zarar iskar hunturu ta fara, ka share layi mai faɗin mita 3 zuwa 4 kewaye da filin, ka yi magana da samari masu farautar gafiya. Wuta ɗaya tana cinye ganyen da ya kamata ya ruɓe, naitirojin ɗin ya bi hayaƙi. Shinge kuwa na ƙaya da farko, sannan ka dasa kyarana irin wadda Birom ke kewaye gonakinsu da ita, ko cin-da-zugu, duk yanka ake a dasa kuma suna kamawa a ƙasa mara ƙarfi.

Mataki na 7: sai yanzu bishiya

Gwamnati ta gwada gyaran filayen kuza tun zamanin Turawa, aka baje tuli aka dasa bishiyar turare, har yau za ka ga dazukansa a wajajen Bukuru. Ya ba da itace da turaku, wannan gaskiya ne. Amma da masu bincike na Jami'ar Durham ta Ingila da Jami'ar Jos suka auna ƙasar gindinsa a shekarun 1980, sai suka ga tsami ya ƙaru, ƙasar ba ta dawo ta noma ba, alhali a gindin gawo da ke irin wannan ƙasar abin ya fi kyau nesa ba kusa ba. Ni a ganina turare a bar shi a kan iyaka ko tulin da ba za a taɓa nomawa ba.

Gawo, bagaruwa da farar ƙaya su ne na sa wa gaba, dukkansu suna ƙulla naitirojin. Gawo ga shi yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana. Irinsu na da tauri, ka tafasa ruwa ka sauke, ka zuba irin ya kwana a ciki, ko kuma ka tsinto wanda ya fito a kashin awaki, ya riga ya yi laushi. Ka rene su a ledar fiya wata tun Maris, ka dasa in damina ta zauna, a cikin ciyawar, a share ɗan da'ira kewaye da kowanne. Gawo kar ya daɗe a leda, saiwarsa doguwa ce tana nannaɗewa, kuma yana jinkirin girma a shekarun farko, kar ka ce ya mutu. A ba shi tazarar mita 10. Kalgo da sabara in sun tsiro da kansu a yi musu sassabe a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi. Mangwaro, gwaiba da fiya su jira tukun, kuma sai a filin da gwaji ya wanke.

Mataki na 8: yaya za ka san ta tashi

Ka samu gwangwanin tumatir babba ka cire gindinsa, ka kafa a ƙasa ka cika da ruwa ka duba agogo, ka yi haka a wuri ɗaya duk shekara, za ka ga lokacin shanyewa na raguwa a fako. Ka haƙa gindin gamba, in ka ga saman ya fara duhu ko da kaurin yatsa biyu ne, ƙasar na dunƙulewa ƙanana-ƙanana, ga tana da kashinta, ga ƙamshin ƙasa, to ana tafiya. Wata alamar ita ce baƙin ciyayi masu faɗin ganye da ba kai ka shuka ba su fara shigowa, kyasuwa ta fara raguwa da kanta.

Inda lalacewar ba ta yi tsanani ba, damina 3 zuwa 5 za ka iya gwada amfanin gona, zallar yashin wanki kuwa ya fi haka daɗewa. Ka fara da masu haƙuri, acca ko tamba a Filato, gero da wake ko gyaɗa a can arewa. Masara da dankalin turawa masu ci ne, su zo daga baya in ka samu taki isasshe. Kuma kar ka nome filin duka lokaci ɗaya, ka buɗe fegi-fegi tsakanin layukan gamba da jema, layukan su zauna daram, ciyawar da ka sare ka kwantar a kunya, fegin da ya ci acca bana baɗi a ba shi wake, wanda ya nuna gajiya a mai da shi ga lablab ko sitailo ya huta damina ɗaya.